Shuka Furannin Bazara da Saƙa Kamanninsu da Kwarashi

Furannin da ke buɗewa a bazarar ƙasashe masu sanyi, wato daga Maris zuwa Mayu a arewacin duniya ko daga Satumba zuwa Nuwamba a kudancinta, tun a kaka ake binne albasarsu, wato dunƙulen gindinsu mai kama da albasa, wata biyar ko shida kafin a ga launinsu. A tsawon wannan lokaci babu abin da mai lambu zai yi musu illa jira, kuma wannan jiran ne ya sa shuka da saƙar kwarashi suka dace da juna. Hannun da ya gama aikin ƙasa kafin sanyi ya kankama yana iya ɗaukar zare ya saƙa furen da ake dako, idan na gasken ya fito kuma a ajiye su kusa da juna a ga inda saƙa ta dace da inda ta kauce. Saboda haka wannan jagora za ta bi aikin yadda shekara ke tafiya da shi.

Mataki na farko: zaɓen albasar da za a binne

Furanni huɗu sun isa su cika lambu da launi na kusan wata uku, domin ba tare suke buɗewa ba. Kurokus ne ke fara leƙowa tun sanyi bai gama janyewa ba, gajere ne da bai cika wuce santimita 10 ba, kuma yana zuwa da shunayya, fari ko rawaya. Dafodil yana biye da shi, mai kunnuwa shida da ƙaho a tsakiya. Hayasin yana fitowa kusan lokaci guda, a cure a kan kara ɗaya, kuma ƙamshinsa ya fi na sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Tulif ne ke rufe baya, wasu nau'o'insa har cikin Mayu.

Sanin asalin tulif yana rage yawan kuskure wajen kula da shi. Daga tsaunukan Asiya ta Tsakiya ya fito, inda hunturu ke da tsananin sanyi, lokacin zafi kuma ƙasa ke bushewa ƙayau, ruwa ba ya kwanciya a kan gangara. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta mayar da shi furen fada, daga can ya shiga Turai, kuma masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden ta ƙasar Holan a 1593. Bayan kimanin shekara arba'in farashin albasarsa ya yi tashin gwauron zabi har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637, amma nomansa ya zauna daram a ƙasar, inda a yau ake binne albasa kusan miliyan 7 kowace shekara a lambun Keukenhof kaɗai. Duk da wannan doguwar tafiya, buƙatunsa ba su sauya ba: sanyi mai tsawo, rana, da ƙasar da ba ta riƙe ruwa.

Wajen saye, a ɗauki albasar a hannu a ɗan matsa ta. Ta kirki tana da tauri da nauyi, babu laushi a gindinta, babu furfurar ruɓa a jikinta. Ɓawon waje mai kama da takarda yana iya yagewa, wannan ba illa ba ce. Girma kuwa yana da muhimmanci, domin furen da zai fito yana nan a naɗe cikin albasar tare da abincinsa, babba tana ba da babban fure, ƙarama kuma wani lokaci ganye kawai take yi a shekarar farko. Ana auna albasar tulif da kewayenta, kuma mai santimita 12 ko fiye ita ce zaɓaɓɓiya. A ganina wanda bai taɓa wannan shuka ba ya fara da dafodil, domin yana da haƙuri, yana dawowa shekara bayan shekara, kuma ɓeraye da kurege ba sa cin albasarsa.

Dalilin da ya sa ba sa cin ta shi ne guba, kuma wannan ya shafi mutane ma. Albasar dafodil tana kama da albasar girki sosai, an kuma sha samun waɗanda suka rikita su suka kamu da amai da ciwon ciki, don haka kada a ajiye ta a ɗakin girki ko inda yara ke kaiwa. Tulif da hayasin su ma suna cutar da kyanwa da kare idan suka tauna. Albasar hayasin tana sa ƙaiƙayi a fata, sai a sa safar hannu kafin a taɓa ta.

Mataki na biyu: wuri da ƙasa

A nemi wurin da rana ke samu aƙalla awa shida a yini. Ƙarƙashin bishiyar da ke zubar da ganye a hunturu ma ya yi wa kurokus da dafodil, saboda suna gama furensu kafin inuwa ta yi kauri.

Abin da ya fi kashe albasar fure shi ne ruwan da ya kwanta, ya ma fi sanyi ɓarna. Ana iya gwada ƙasa cikin sauƙi: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a dawo bayan 'yan awanni. Idan ruwan ya tsotse, wurin ya yi. Idan yana nan kwance har washegari, sai a gauraya ƙasar da takin ganye da ya ruɓe sarai da tsakuwa ƙanana, ko a tada kunya a shuka a samanta, ko kuma a haƙura a koma tukunya. Ɗanyen takin dabbobi ba ya shiga wannan aiki, domin yana ƙona saiwa yana kuma jawo ruɓa.

Mataki na uku: lokaci, zurfi da tazara

A arewacin duniya ana binne dafodil, kurokus da hayasin a Satumba da Oktoba, don su sami damar yin saiwa kafin ƙasa ta daskare. Tulif gara a jinkirta shi zuwa Nuwamba, lokacin da ƙasa ta yi sanyi sosai, saboda akwai wata cutar ruɓa da ke ƙona ganyensa wadda ta fi yaɗuwa a ƙasa mai ɗumi da laima. Mazauna kudancin duniya su yi wannan aiki a Afrilu da Mayu.

Ƙa'idar zurfi mai sauƙin riƙewa ce: ramin ya kai ninki biyu zuwa uku na tsayin albasar. Wannan yana nufin kimanin santimita 15 zuwa 20 ga tulif da babban dafodil, santimita 8 zuwa 10 ga kurokus. A ɗora albasar tsininta yana kallon sama, gindin da saiwa za ta fito yana ƙasa, idan kuma an kasa bambance sama da ƙasa sai a kwantar da ita a gefe, tsiron zai nemo hanyarsa. Tazarar santimita 10 zuwa 15 ta isa tsakanin manya. Jera su a layi ɗaya ɗaya yakan sa lambu ya yi kama da wanda aka shuka da ƙyashi. Ya fi kyau a haƙa rami mai faɗi a zuba bakwai ko tara wuri ɗaya, ta yadda launin zai taru ya cika ido. Bayan an mayar da ƙasa a danna ta a hankali, a ba da ruwa sau ɗaya sosai, sannan a kafa alama, domin nan da wata biyu ba wanda zai tuna inda aka binne me. Inda kurege ko ɓera ke da yawa, a shimfiɗa ragar waya a kan wurin har tsiro ya fito.

Wanda ba shi da fili yana iya tara lambun gaba ɗaya a tukunya guda mai zurfin santimita 30 ko fiye, muddin tana da huda a gindi. Ana shuka hawa hawa ne. A zuba ƙasa kamar santimita 10, a jera tulif, a rufe su, a jera dafodil a samansu, a sake rufewa, sannan kurokus a can sama kusa da baki. A tukunya ana iya matso da su kusa fiye da na fili, amma kada su taɓa juna ko bangon tukunyar. Tsiron na ƙasa yana kauce wa albasar da ke samansa ya wuce, kuma sakamakon shi ne tukunya ɗaya da ke sauya launi sau uku. Idan aka dasa 'yan tsiron fansi, wani ƙaramin fure mai launuka, a saman, ba za ta zauna tsirara a hunturu ba, domin fansi yana jure sanyi. Abin lura kawai shi ne ƙasar tukunya ta fi ta fili saurin daskarewa, sai a jingina ta da bango ko a naɗe ta da buhu a ranakun tsananin sanyi.

Mataki na huɗu: idan sanyin wurin bai isa ba

Tulif yana buƙatar mako 12 zuwa 16 a sanyin da bai wuce digiri 9 a ma'aunin Salshiyas ba kafin ya yarda ya yi fure mai dogon kara. Inda hunturu ba ya kaiwa haka, firji ne ke maye gurbinsa. A zuba albasar a jakar takarda mai iska, a rubuta suna da kwanan wata da gargaɗin cewa ba ta ci ba ce, a ajiye a ɓangaren da ke sanyi amma ba ya ƙanƙara. Kada a haɗa ta da tuffa ko wasu 'ya'yan itace masu nuna, saboda suna fitar da iskar etilin wadda ke kashe ɗan furen da ke cikin albasar, sai a sha wahala a ƙare da ganye. Da an fito da ita a shuka nan take, a lokacin da ya fi kowane sanyi a shekara. Irin wannan tulif sau ɗaya yake yin fure mai kyau, don haka a ɗauke shi a matsayin shukar shekara guda. Akwai kuma wani farin dafodil mai ƙananan furanni, Narcissus papyraceus, wanda ba ya neman sanyi ko kaɗan, yana fure cikin mako huɗu zuwa shida ko da a kwano mai tsakuwa da ruwa ne.

Mataki na biyar: kayan saƙa da saƙoƙi biyar na tushe

An gama da ƙasa, saura zare. Fure yana son zaren auduga, domin yana riƙe siffa kuma idanun saƙa suna fitowa sarai, musamman audugar da aka gyara ta yi sheƙi. Zaren roba ya fi laushi, amma kunnuwan fure sukan langaɓe da shi. Mai koyo ya fara da zare matsakaicin kauri mai haske da kwarashi mai milimita 4, saboda baƙin zare da siririn kwarashi suna ɓoye idanu su gajiyar da mutum tun bai fara ba. Idan hannu ya faɗa sai a sauko zuwa milimita 2.5 ko 3 da siririn zare. Ga fure, gara kwarashin ya ɗan fi ƙanƙanta a kan wanda aka rubuta a takardar zaren, don saƙar ta yi tauri. Sauran kayan su ne almakashi, allura mai faɗin kafa da dakusasshen baki, da 'yan filoli.

Komai yana farawa da madauki ɗaya a wuyan kwarashi. Idan aka naɗa zare aka jawo shi ta cikin madaukin, an yi sarƙa ɗaya. Saƙar haɗi ita ce a soka kwarashi a ido, a naɗa zare, a jawo shi ta idon da madaukin a tafiya ɗaya, ba ta da tsayi, aikinta rufe zagaye ko matsawa gaba. Gajeriya ita ce a soka, a naɗa, a jawo ya zama madauki biyu, a sake naɗawa a jawo ta biyun. Matsakaiciya ana naɗa zare ne tun kafin a soka, a jawo ya zama madauki uku, a naɗa a jawo ta ukun gaba ɗaya. Doguwa tana farawa kamar matsakaiciya, sai dai ana sauke madaukan biyu biyu, a naɗa a jawo ta biyu, a sake naɗawa a jawo ta biyun da suka rage. Duk furen da ke cikin wannan jagora daga waɗannan biyar ya fito, kuma sirrin siffar kunnen fure shi ne jera su daga gajere zuwa dogo.

Mai bin tsarin saƙa da aka buga ya fara duba daga ina ya fito, domin sunan da Amurkawa ke ba doguwar saƙa shi ne 'yan Birtaniya ke ba gajeriya, kuma wanda bai lura ba zai ga furensa ya fito rabin girman da ake nufi ko ninkinsa. Zanen alamomi ya fi aminci: ɗan ƙwai yana nufin sarƙa, ɗigo haɗi, gicciye gajeriya, harafin T matsakaiciya, T mai ɗan layi ɗaya a gicciye a jikinsa kuma doguwa.

Mataki na shida: fure mai kunne biyar

A naɗa zare a yatsa ya zama zobe, a bar jela mai tsawon santimita 10, a jawo madauki ta cikin zoben a yi sarƙa ɗaya. A saƙa gajeru goma cikin zoben, ana rufe zaren zoben da jelar tare, sannan a ja jelar har ramin tsakiya ya tsuke, a rufe da haɗi a gajeriyar farko. Idan ana son tsakiya ta bambanta, nan ne ake yanke zare a ɗaura wani launi.

Zagaye na biyu shi ne kunnuwa. A yi sarƙa biyu, a saƙa dogaye uku a ido na gaba, a yi sarƙa biyu, a yi haɗi a idon da ke biye. Kunne ɗaya ke nan, ya ci ido biyu. A maimaita har sau biyar, idanu goma sun ƙare daidai. Idan aka ga ido ya rage ko ya kasa, kuskuren yana zagayen farko, kuma warwarewa ta fi dabarar ɓoyewa sauƙi, tunda aikin bai wuce na minti goma ba. A yanke zare, a jawo jelar ta madauki na ƙarshe, a sa allura a ɓoye jeloli a bayan furen ta hanyar bi ƙarƙashin idanu gaba da baya. Furen farko kusan kullum yakan karkace saboda hannu bai daidaita jan zare ba, na huɗu ko na biyar ne ke fara kama da juna.

Saƙa fure daban daban sannan a haɗa su tsohuwar hanya ce. A lokacin babbar yunwar Ailan, daga 1845 zuwa 1852, mata da yara da dama sun ciyar da gidajensu da leshin kwarashi, inda wata ke saƙa wardi, wata ganye, wata kuma ta haɗa su da raga. Fa'idar hanyar tana nan har yanzu: aikin yana shiga aljihu, kuma kowane zama yana ƙarewa da abu kammalalle a hannu.

Mataki na bakwai: dafodil da tulif

Dafodil ya fi ɗaukar hankali, amma shi ne ya fi burgewa idan an gama. Da zare rawaya a saƙa gajeru shida a zobe a tsuke, a zagaye na biyu a saƙa biyu a kowane ido su zama goma sha biyu, a rufe da haɗi. A nan sai a dubi saman kowane ido da kyau, za a ga zare biyu ne, na gaba da na baya. Kunnuwa za su hau kan na baya kaɗai, na gaba kuma a bar su domin ƙaho.

Ga kowane kunne a yi sarƙa shida. A tsallake ta kusa da kwarashi, a yi haɗi a ta biyu, gajeriya a ta uku, matsakaiciya a ta huɗu, doguwa a ta biyar, doguwa a ta shida. Wannan jeri yana ba da kunne mai tsini a sama da faɗi a gindi. A tsallake ido ɗaya na da'irar, a yi haɗi a zaren baya na ido mai biye, a sake sarƙa shida. Kunnuwa shida za su cinye idanu goma sha biyu. Sannan a ɗaura zare ruwan lemo ko rawaya mai duhu a zaren gaba na kowane ido, a saƙa gajeru goma sha biyu a kewaye ba tare da ƙari ba har zagaye uku, za a ga ƙaho yana tashi da kansa. A zagayen ƙarshe a riƙa yin gajeriya ɗaya da sarƙa biyu a kowane ido, bakin zai yi ɗan tattara irin na furen gaske.

Tulif ƙoƙo ne kawai. A fara da gajeru shida, a ninka su zama goma sha biyu, a zagaye na uku a riƙa ƙara ɗaya bayan kowane ido ɗaya su zama goma sha takwas, sannan a saƙa zagaye shida babu ƙari. A cusa ɗan audugar cikon matashi, a sa allura a haɗa gefe biyu na bakin da ke fuskantar juna, a haɗa ɗaya biyun a kansu, bakin zai tsuke ya yi kusurwa huɗu. Karan kuwa siririyar waya ce da aka lanƙwasa bakinta aka naɗe da koren zare. Ganye ana yin sa da sarƙa ashirin, a bi ta da gajeru a baki, matsakaita da dogaye a tsakiya, a juya a bi ɗaya gefen haka.

Matakin da masu koyo suka fi tsallakewa shi ne miƙar da saƙa, alhali shi ne ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. A jiƙa furen da ruwa mai ɗan sanyi, a matse shi cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa shi a kan wani tawul busasshe, a kafe tsinin kowane kunne da fil, a bar shi ya bushe sarai. Kada a ɗora dutsen guga a kan zaren roba, narkewa yake yi. Daga nan furannin suna iya zama jerin ado a zare mai tsawo, alamar shafin littafi, abin maƙalawa a jaka ko hula, ko matashin kofi idan aka ƙara musu zagaye. Abin da za a ba jariri kada ya ƙunshi waya ko duwatsun ado, kuma a ɗinke furen da ƙarfi yadda ba zai cire ba. A kuma riƙa ajiye kwarashi bayan kowane rabin awa a miƙe yatsu da wuya, domin ciwon wuyan hannu a hankali yake shigowa.

Mataki na takwas: lokacin da lambu ya buɗe

Da tsiro ya fara huda ƙasa a cire ragar waya, a riƙa ba da ruwa idan sama ta yi rowa, musamman ga tukwane. Sauran aikin na ido ne, kuma a nan ƙananan jin daɗin wannan sana'a suke. Kurokus da tulif suna buɗewa idan rana ta ɗumama su, su rufe da yamma ko ranar da gari ya yi lumshi, saboda haka fure ɗaya yana da fuska biyu a yini, kuma minti biyar da safe da biyar da rana sun isa a gan su duka. Kurokus yana daga cikin abincin farko da ƙudan zuma ke samu bayan hunturu, wanda ya tsaya kusa da shi a rana mai haske zai gan su suna fitowa da garin fure a jiki. Yana da kyau a ajiye ɗan littafi a rubuta ranar da kowane iri ya buɗe da wurin da ya fi kyau, domin bayan shekara biyu ko uku wannan rubutun ya fi kowace jagora sanin lambun.

Yanzu ne kuma lokacin ɗauko saƙar hunturu a gwada ta da abin da ta kwaikwaya. Za a lura cewa kunnuwan dafodil na gaske suna hawa kan juna a gindi, uku a waje uku a ciki, kuma tulif yana da kunnuwa shida a jeri biyu, gindinsa sau da yawa da wani launi daban. Mai saƙar da ya ga haka yakan ƙara faɗin gindin kunne ko ya sauya zare a zagayen farko, kuma furen da ya saƙa yana kallon na gaske ya kan fi wanda ya bi daga takarda rai.

Idan za a yanka domin ɗaki, a yi da sassafe, a zaɓi tulif da ya nuna launi amma bai buɗe ba, a yanke karan a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire ganyen da zai nutse a ruwa, a riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu. Tulif yana ci gaba da tsawo a cikin kwalba yana kuma lanƙwasa wajen haske, sai a riƙa juya kwalbar. Dafodil yana zubar da wani ruwa mai yauƙi da ke sa sauran furanni yaushi, don haka a ajiye shi shi kaɗai a ruwa na 'yan awanni kafin a haɗa su, kuma kada a sake yanke karansa bayan haka. Fansi shi ne ya fi dacewa da busarwa: a shimfiɗa shi tsakanin takardu masu shan ruwa, a danne da littattafai masu nauyi na mako biyu zuwa uku, launinsa yana zama.

Mataki na tara: bayan fure ya zube

Da fure ya yanƙwane a tsinke kansa, don kada shukar ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri. Ganyen kuwa a ƙyale shi aƙalla mako shida, har ya yi rawaya ya kwanta da kansa, duk da cewa ba shi da kyan gani a wannan lokaci. Shi ne ke tara abincin da albasar za ta yi furen baɗi da shi, kuma yanke shi da wuri ko ɗaure shi a ƙulle, kamar yadda wasu ke yi don tsafta, yana rage hasken da yake samu. Ɗan takin ruwa mai yawan sinadarin fotash a waɗannan makonni yana taimakawa, musamman ga na tukunya.

Kurokus da dafodil ana barin su a ƙasa su yi ta yaɗuwa. Idan bayan shekara uku zuwa biyar aka ga kurmin dafodil ya cika da ganye fure ya ragu, cunkoso ne, sai a tone shi bayan ganye ya bushe, a rarraba albasar da hannu a sake binnewa da tazara. Yawancin tulif na zamani suna raguwa bayan shekarar farko, musamman a ƙasa mai laima a lokacin zafi. Mai son ya riƙe su ya tone albasar bayan ganye ya mutu, ya kakkaɓe ƙasa, ya zubar da duk wadda ta yi laushi ko tabo, ya shanya sauran a inuwa, sannan ya rataye su a jakar raga a wuri busasshe mai iska, kowane launi da takardar sunansa.